Sabuwa a Fasfo, Sabiha a Takardar Aure

Ranar Talata ce bayan la'asar. Lauratu ta gama ba Goggo Sabuwa kunun gyaɗar da ta damo daga gida, tana goge mata baki da gefen tawul, sai wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce Madam Alaa na son ganinta a ofis kafin ta tafi. Matar ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Goggo Sabuwa yayar mahaifinta ce. Ta baro Gusau tun kafin a haifi Lauratu, ta biyo iyalin wani ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya tana yi musu girki. Da wa'adinsu ya cika suka koma gida, ita kuwa ta zauna a Alƙahira, don ta auri wani Bamisire mai suna Fadl, ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. Sun haura shekara talatin tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Lokacin da Lauratu ta zo karatun hadisi, gidansu da ke Giza take zuwa duk Juma'a ta ci tuwo da miyar kuka, ta sha hira. Bara Fadl ya rasu. Ba a yi arba'in ba Goggo ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da ta farfaɗo, Larabcin da ta daɗe tana ciniki da shi a kasuwa ya ɓace mata ƙaf. Hausa kaɗai ta rage, ita ma ta yarinta, ta zamanin da take ɗiban ruwa a rijiyar gidansu.

Lauratu ba ta da inda za ta ajiye ta. Ita kanta a Madinat Nasr take, hawa na biyar, babu lifta, su huɗu a gida mai ɗaki biyu. Haka ta kai Goggo wannan gidan kula da tsofaffi, tana cire gwal ɗin Goggo ɗaya bayan ɗaya tana kaiwa kasuwa tana biya. Wata biyu da suka wuce ta sayar da warwaro na ƙarshe. Abin da take samu na tallafin karatu da na koyar da 'ya'yan ma'aikatan jakadanci Alƙur'ani, da kyar yake riƙe ta ita kaɗai.

Madam Alaa, shugabar gidan, mace ce mai kirki amma ba ta kwana-kwana. Ta ba ta kujera, ta ce komai ya yi tsada, magani da nafkin na manya sun ninka, daga sabon wata kuɗin gado zai ƙaru. Ta san halin da Lauratu ke ciki, shi ya sa ta kira ta tun da sauran lokaci. Sai ta tambaye ta ko an taɓa nema wa Hajiya haƙƙinta a fanshon mijinta.

Lauratu ta ce ba ta san baƙuwa na da wani haƙƙi ba, tunda Goggo ba ta taɓa karɓar takardar zama 'yar ƙasa ba.

"Matarsa ce dai, ko? In auren na kan takarda, je ki nema," in ji Madam Alaa. "In na ga magana tana tafiya zan jira ki. In ba ta tafiya, 'yata, ni ma akwai waɗanda ke sama da ni."

Washegari Lauratu ta jawo akwatin Goggo daga ƙarƙashin gadonta. A ƙasan zannuwa ta sami gwangwanin alewa cike da takardu. Takardar auren na ciki, ta yi ja saboda daɗewa, da hatimi da hotuna biyu da suka koɗe har ba a gane fuska sosai. Ta yi hamdala, ta haɗa da fasfon Goggo da takardar rasuwar Fadl, ta sa a jaka. Ba ta tsaya ta karanta ba.

A ofishin fansho ta yi awa uku a layi. Da ta isa taga, magatakardan ya jera takardun a gabansa, ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya cire tabarau ya sake sawa. Sannan ya juyo mata da su, ya ɗora yatsa. A fasfo an rubuta Sabuwa Lawal. A takardar aure kuwa Sabiha Muhammad Lawal. Shekarar haihuwa ma ta bambanta da biyu.

"Waɗannan mata biyu ne," ya ce. "Wacce kika zo wa?"

Ta fara bayani da Larabcinta na littafi cewa mace ɗaya ce, ƙila wanda ya rubuta ne sunan ya yi masa nauyi. Bai katse ta ba, amma ya juya ya yi wa na kusa da shi magana ƙasa-ƙasa, a ciki ta tsinci kalma ɗaya, tazwir. Ta san ma'anarta, jabun takarda, kuma ta san ana ɗaure mutum a kansa. Ya nemi fasfonta ita ma. Iƙamarta, wato izinin zama a ƙasar, ta ƙare, tana hannun hukuma ana sabuntawa, rasit kawai gare ta. Ya ɗauki hoton fasfon da na rasit ɗin ya cusa a fayil. Ya kuma shaida mata cewa fanshon marigayin ana biyansa tun bara ga 'yarsa, wadda aurenta ya mutu, kuma a fayil ɗin babu sunan wata mata da ya bari. Za a turo jami'a ta je ta ga wannan tsohuwa da idonta. Ba ya iya cewa yaushe.

Ta sauko bene. A bakin ƙofa, kusa da rumfar masu kwafin takardu, wani mutum mai tsafta da fayil a hammata ya yi mata sallama. Ya ce sunansa Abdulbasit, ya ga yadda ta fito, kuma irin wannan matsala ta suna kullum yana warware wa baƙi. Maganarsa da taushi, har ya sa aka kawo mata ruwa. Kafin ta dawo hayyacinta ya ɗauki hoton takardar auren da wayarsa, ta kuma karanto masa lambarta. Sai da ta zauna a mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, motar ta hau gada, sannan ta gane abin da ta yi.

Kwana biyu bayan haka ya kira. Ya ce akwai wanda zai fitar da sabuwar takarda da sunan da ke fasfo, hatimi da komai, ba mai iya bambancewa. Ta ce masa ba ta so, ta gode. Ya yi dariya ya ce ta yi tunani. Ya sake kira ranar Asabar, sannan Litinin. A kira na huɗu muryarsa ta canza. Ya ambaci sunan gidan da Goggo take, wanda ita ba ta tuna ta faɗa masa ba. Ya ce ya ji iƙamar Hajiya ta daɗe da mutuwa, abin tausayi ne a ce wani mugu ya kai rahoto, tsohuwa irin wannan. Shi dai taimako yake nufi.

Daga ranar Lauratu ta daina cin abinci sosai. In ta ga 'yan sanda a mashigar metro, jirgin ƙasa na cikin gari, sai ta juya ta bi wata ƙofa, ko da za ta ƙara tafiya. A ɗakin karatu takan zauna da littafi a buɗe awa guda ba ta wuce layi biyu ba, tana hango Goggo a keken guragu a wani ofis, ana yi mata tambaya da harshen da ba ta ji yanzu, tana waige-waige tana neman ta. Abokan zamanta sun lura ta rame, ta ce musu rubutun bincike ne ya sa ta gaba.

Ta kira mahaifinta, Malam Atiku, a Gusau. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce ta dawo da ita gida kawai, ba za a rasa tabarma da tuwo ba. Ta ce likita ya ce jikinta ba zai ɗauki doguwar tafiya ba, kuma kafin a bar ta ta fita sai an daidaita zancen iƙama. Ko da an kawo ta, wa zai riƙa juya ta duk awa biyu, tunda Inna ma da sanda take tafiya? Sai ya ce zai sayar da 'yar gonarsa ta bayan gari. Ita ta san abin da gonar za ta kawo in an mai da shi kuɗin Masar ba zai kai su ko'ina ba, kuma daga ita suke ci. Ta roƙe shi kada ya taɓa ta.

"To ki je wurin 'yar mijin nata mana," ya ce. "Yaya ce ta raine ta. Ko ba ta so, ta san gaskiya."

Abin da Lauratu ke gudu ke nan. Sau biyu ta taɓa ganin Rania, 'yar Fadl. Na farko a zaman makoki, inda ta zauna nesa da Goggo ba ta ko dube ta ba. Na biyu ranar da aka mayar wa mai gida makullin gidan hayar, ta tsaya a kan kaya tana ware na ubanta. Yanzu kuma ga shi ita ce ke karɓar fanshon gaba ɗaya. Duk abin da Goggo za ta samu, daga bakin Rania za a cire shi. Amma ba wata hanya. Ranar Alhamis da hantsi ta shiga metro zuwa Giza.

Gidan Rania yana wani lungu mai cunkoso, hawa na uku. Rania ta buɗe ƙofa da sarƙa a maƙale, ta daɗe tana kallonta kafin ta cire. Mace ce da ta haura arba'in, hannunta duk kumfar wanki. Falon ƙarami, ga keken ɗinki a kusurwa, ga kayan makarantar 'yan mata biyu a rataye. Ba ta ba ta shayi ba. Lauratu ta zauna a gefen kujera ta faɗi abin da ke tafe da ita, ta nuna mata takardun.

Rania ta dubi takardar auren ta ce ai kowa a unguwa Sabiha ya sani. Ubanta bai taɓa iya furta ɗaya sunan ba, mai rubutun ma haka, kuma ba wanda ya damu a lokacin. Lauratu ta ji wani sanyi ya ratsa ta, ta ce abin da take so ta faɗa ke nan a gaban hukuma, shi kaɗai.

Fuskar Rania ta canza. Ta tashi ta rufe taga duk da zafin da ake yi.

"Kin san abin da kike nema? Lokacin da na je, sun tambaye ni ko Baba ya bar mata. Na ce 'yar ƙasar waje ce, ta koma ƙasarsu. Na sa hannu." Ta nuna kayan makarantar. "In na je na ce ga ta a Alƙahira, me za su yi da ni? Su wa za su riƙe waɗannan?"

Sai a lokacin Lauratu ta gane matar ma tsoro take ji. Ta so ta ce mata ƙarya ta yi, ta ci haƙƙin mara lafiya fiye da shekara, amma ta fasa. Ta ce kawai nan da ƙarshen wata mai zuwa za a iya fitar da Goggo, kuma ba ta san inda za ta kai ta ba. Ta rubuta adireshin gidan tsofaffin a bayan wata takarda ta ajiye a kan keken ɗinki. Rania ta ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ba za ta iya ba, ta buɗe mata ƙofa.

Jami'ar ta zo bayan kwana goma sha ɗaya, da safe. Madam Alaa ce ta kira Lauratu tana aji, ta fito ta tari tasi ba ta ko tambayi kuɗi ba. Ta tarar da wata mata mai jaka baƙa zaune a gefen gadon Goggo da fayil a cinya. Ta ce sunanta Ustaza Fauziyya. Ta riga ta gwada yi wa tsohuwar magana ba ta sami amsa ba, don haka Lauratu za ta yi tafinta.

An yi wa Goggo wanka an ɗaura mata ɗankwali. Ta ga Lauratu ta yi murmushi da rabin baki. Tambayar farko sunanta. Ta ce Sabuwa, 'yar Malam Lawal mai goro. Ustaza Fauziyya ta rubuta. Ta ce a tambaye ta ko ta san wata Sabiha. Goggo ta girgiza kai. Jami'ar ta ce a tambaye ta sunan mijinta.

Lauratu ta sunkuya kusa da kunnenta. "Goggo, wai ya sunan maigidanki?"

Goggo ta rufe fuska da hannun hagu kamar yarinya. "Ke, ni ba a yi mini aure ba tukuna. Baba ya ce sai bayan kaka."

Jami'ar ta ɗago alƙalami tana jira. Madam Alaa na tsaye a bakin ƙofa. Duk ɗakin ba mai jin Hausa sai Lauratu. In ta ce Fadl, an wuce wurin. Kalma ɗaya ce, kuma ba ƙarya ba ce a kan auren, don ita shaida ce, ta ci abinci a gidansu shekara uku. Sai ta ga wayar jami'ar a kan fayil, fuskarta a sama, ba ta sani ba ko tana naɗar murya. Ta tuna kalmar da ta ji a taga, tazwir. Ta kuma tuna cewa karatun da ya kawo ta garin nan kacokan a kan masu ruwaya ne, wanda ya isar da magana yadda ya ji ta da wanda ya ƙara nasa. Ba ta san wanne ya fi rinjayarta ba, tsoron wayar ko karatun nata.

"Ta ce ba ta yi aure ba," ta faɗa da Larabci. "Tana ganin kanta yarinya ce a gidan mahaifinta."

Ustaza Fauziyya ta dube ta na ɗan lokaci, sannan ta rubuta. Ta duba rahoton likita, ta tambayi Madam Alaa tun yaushe take nan da wanda ke biya. Da za ta tafi ta ce ciwon a fili yake, ba ta da shakka a kansa. Amma ita ba ta da ikon mai da mata biyu mace ɗaya. Sai an kawo hukuncin kotu, da takarda daga ofishin jakadancinsu, da shaidu waɗanda suka san auren, in da hali daga dangin mijin. Kafin nan fayil zai tsaya.

Bayan ta fita Lauratu ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar gado. Goggo ta miƙo hannu tana shafa mata kai tana tambaya ko an shigo da awaki. Wayarta ta yi ƙara a jaka. Ta san ko wane ne, ba ta ɗaga ba.

Ranar Lahadi da Lauratu ta zo da kunu, ta tarar da Rania tsaye a barandar gidan, jaka a rungume a ƙirji. Rania ba ta gaishe ta ba. Ta ce ta zo ne ta gani da idonta, don mutane kan ƙara wa magana gishiri. Lauratu ta shige gaba, Rania ta bi ta.

Goggo na kwance tana kallon silin. Ta rame ƙwarai tun rabon Rania da ita, wuyanta duk ƙashi. Rania ta tsaya daga nesa ta ce, "Tanti Sabiha." Goggo ba ta waiga ba. Rania ta matsa kusa ta sake kira. A nan Goggo ta juyo ta ƙare mata kallo, ba alamar ta gane ta. Amma ta kama hannunta da hannun hagu, ta juya shi, ta bi wani tsohon tabon ƙuna da ke bayan hannun da babban yatsa. Ta yi tsaki a hankali, ta ce da Hausa wa ya bar yarinyar nan kusa da wuta.

Rania ta tambayi me ta ce. Lauratu ta faɗa mata.

Rania ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kujera, hannunta na cikin na Goggo. Daga baya, idonta a kan bango, ta ce tana da shekara tara ta jawo tukunyar shayi ta zubo mata a hannu, sati biyu bayan an kawo matar gidansu. Goggo ce ta ɗauke ta a baya da zane, irin yadda ba a yi a nan, ta ruga da ita asibiti mutane na kallo suna dariya. Ta ce ta tsani wannan goyon, don yaran unguwa sun yi shekara suna tsokanarta da shi. Ba ta taɓa kiranta Mama ba, ko sau ɗaya.

Da suka fito baranda wayar Lauratu ta sake yin ƙara. Rania ta ga yadda fuskarta ta yi, ta tambaya. Lauratu ta gaya mata komai game da Abdulbasit. Rania ta karɓi wayar ta ɗaga. Abin da ta zazzaga masa da Larabcin unguwa, rabinsa Lauratu ba ta gane ba. Ta dai ji ta ce ita 'yar marigayin ce, ta san rumfar da yake zama, kuma an adana duk kiran da ya yi. Ta kashe ta miƙa mata. Bai sake kira ba, ko da yake Lauratu ta yi makonni tana firgita in ta ga baƙuwar lamba.

"Zan je kotun," in ji Rania. "Amma sai na ga lauya tukuna, in san abin da zai same ni. Kada ki gode mini."

Maganar ta ɗauki wata biyar. Ofishin jakadanci ya ba da takarda cewa Sabuwa da Sabiha mutum ɗaya ce, bayan Malam Atiku ya aiko da rantsuwar kotu daga Gusau. Rania ta kawo wani tsoho da suka yi aiki da ubanta, wanda ya halarci ɗaurin auren. Sau biyu ana ɗage zaman. Ranar da Rania ta tsaya gaban alƙali ta yi magana ƙasa-ƙasa har sai da aka ce ta maimaita, Lauratu kuwa tana baya tana jiran a ce a riƙe su duka biyun. Ba a riƙe kowa ba. Lauyan ya riga ya shigar da takardar gyara a ofishin fansho, aka yanke cewa za a riƙa cire wani abu daga rabon Rania duk wata har a mayar da abin da ya shiga hannunta ba bisa ƙa'ida ba. Ta cire ƙaramar 'yarta daga darasin yamma, ta ƙara karɓar ɗinki.

A cikin waɗannan watanni Madam Alaa ta cika alkawari gwargwadon ikonta. Ba ta fitar da Goggo ba, amma ta sauko da ita daga ɗakin mutum biyu zuwa babban ɗakin ƙasa mai gado shida, inda taga ke kallon bangon maƙwabta. Lauratu ta sayar da kwamfutarta, ta ƙara ɗalibai uku, ta nemi a ɗaga mata lokacin miƙa bincikenta da zango guda. Matan jakadanci da suka ci girkin Goggo a da suka haɗa abin da suka iya. Da hukuncin kotu a hannu aka sabunta wa Goggo iƙama, bayan an biya tarar jinkiri.

Da fanshon ya fara fitowa bai kai kuɗin gadon ba. Ya ɗauki kaso mafi yawa, sauran Lauratu ke cikawa. Goggo ta zauna a ɗakin ƙasa. Ta saba da wata tsohuwa 'yar Aswan da ke gadon kusa, kowacce na yi wa 'yar uwarta hira da harshen da ɗayar ba ta ji, wani lokaci har su yi dariya tare. Rania takan zo ranar Lahadi in ɗinki bai riƙe ta ba. Takan zo da miyar mulukhiyya a ƙaramin kwano, ta ba ta a baki, ba ta cika magana ba.

Saura wata takwas tallafin karatun Lauratu ya ƙare, iƙamarta kuma da shi take tafiya. A farkon shekara Madam Alaa ta ba ta sabon fom na masu kula da mara lafiya, mai gurbi biyu: wanda ke da alhaki yanzu, da wanda za a kira in na farko ba ya ƙasar. Lauratu ta cika na farko. Ta yi sati biyu da fom ɗin a jaka kafin ta iya fito da shi, ranar wata Lahadi, suna tsaye a bakin titi suna jiran mota.

Rania ta karanta shi daga sama har ƙasa. Ta tambaya ko sa hannun na nufin ita za ta riƙa cika kuɗin in Lauratu ta tafi. Lauratu ta ce ba ta sani ba. Za ta riƙa aikowa daga gida in ta sami aiki, amma ba za ta yi mata alkawarin abin da ba ta da tabbas a kai ba. Rania ta ninke takardar gida huɗu ta sa a jaka, ta ce za ta nuna wa lauya. Mikrobas ɗin Giza ya tsaya, ta kutsa ta shiga. Lauratu ta tsallaka titi ta tsaya a ɗaya gefen tana jiran nata.